Bature sama, Bahaushe ƙasa

Ɗan yayata a unguwar Limanti yana shirin jarrabawar JAMB, burinsa Jami'ar Maiduguri. Ran nan bayan isha'i ya same ni a kan tabarma, fuska a yamutse.

"Kawu, mene ne keyed up?"

Na ce ɗoki ne haɗe da fargaba, irin na ango ranar ɗaurin aure.

"To ina ruwan makulli a ciki?"

Na yi shiru. Ya jero sauran: wound up, worked up, psyched up. Duk zumuɗi ɗaya ne, amma an naɗe mutum kamar agogon da ake yi wa wani, an kuma cilla shi sama. Mu kuwa in abu ya taso, gabanmu faɗuwa yake yi, ciki ya ɗuri ruwa. Yaron da ke ciniki da Barebari a Kasuwar Monday da harshensu, ga shi ƙaramar kalma mai harafi biyu ta sa shi gumi.

Da asubar jarrabawa na tambaye shi yaya jiki.

"Kawu, ni dai cikina ke murɗawa. Ban ga up ɗin ba tukuna."