Kunamar Zuru da Bashin Haske

Tun ranar da na ce kunama tana haske da dare, mutuncina ya zube a teburin mai shayin unguwarmu a Zuru. Wani tsohon soja, wanda ya ce ya kwana a dazukan Laberiya da Saliyo bai taɓa ganin haka ba, ya ajiye kofinsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, bokon ne ya yi maka yawa ko shayin?" Wani kuma ya ce in dai kunama na da wuta, a kamo masa goma ya rataye a shago ya huta da sayen fetur. Aka kwashe da dariya har da mai shayin. Ni ma na dara, don ranar ba ni da shaida. Yau tana aljihuna, ramuwa na zo.

Shaidar ba ta fi tsawon yatsa ba. 'Yar cocilan nan ce mai haske shuɗi-shuɗi da 'yan canji ke haska takardar dubu ɗaya su gane jabu. Na bari sai da bazara ta matsa, lokacin da kunamu ke fitowa shan iska kamar kowa, a daren da babu farin wata, na zagaya bayan gida inda aka tara duwatsun gini. Ban yi taku goma ba na gan ta. Kore shar, da ɗan sirkin shuɗi, tun daga ƙahon hannunta har ƙarin wutsiya, kamar an zuba mata fenti. Na kashe cocila, ta ɓace. Na kunna, ga ta. A daren na ƙirga huɗu, a wurin da yaranmu ke wasa ba takalmi. Dariyar ta ɗan rage mini daɗi daga nan.

To Baba soja, bari in ba ka rabin gaskiyarka kafin ka ƙwace da ƙarfi. Kunama ba ta da wutar kanta. Mai wutar kansa shi ne maƙesu, wanda ke haɗa sinadarai a cikinsa ya kunna. Ita kunama aro take yi. A bakan gizo, bayan launi na ƙarshe, akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, masana na ce masa altarabayolet. Shi ne akasarin abin da cocilar jabu ke fitarwa. Fatar kunama tana haɗiye shi ta mayar nan take, sai dai ba ta mayar da shi cif ba. 'Yar kamasho ce, sai ta yanki wani abu ya tafi a zafi, ragowar kuwa ƙarfinsa ya ragu har ya sauko inda ido ke gani. Ta karɓi ɓoyayye ta biya da kore. Tsakanin karɓa da biya kaso kaɗan ne cikin biliyan na daƙiƙa, shi ya sa da ka kashe cocila zance ya ƙare.

Wannan shi ne fulorasans, kuma ba ni na raɗa masa suna ba, kada a ce na ƙirƙiro. George Stokes ne, malami a Kambirij ta Ingila, a 1852. Kun san da me ya yi gwajinsa? Da kwinin, maganin zazzaɓin nan mai ɗaci da kakanninku suka sha suna yamutsa fuska. Ruwansa fari tas, amma a ɓoyayyen hasken sai ya koma shuɗi. Labarin kunama kuwa sai a 1954 aka buga shi, daga Italiya da Afirka ta Kudu. Daga baya aka gano sinadarai biyu a ɓawonta masu wannan aikin. Wadda ta yi saɓa ba ta haske sai sabon ɓawon ya yi tauri. In aka jiƙa matacciya a barasar ɗakin gwaji, barasar ma sai ta kama haske. Duwu, baƙi ƙirin da shi, shi ma kore yake komawa. Amfanin abin ga ita kunamar har yau masana na ta ja-in-ja a kai. Douglas Gaffin na Jami'ar Oklahoma ya kawo hujja a 2012 cewa duk jikinta kamar ido ne, da shi take gane ta shiga inuwa ko tana fili. Kun ga ashe ba a teburin shayi kaɗai ake musu ba, bambancin su sukan tashi su gwada.

Yanzu kai Alhaji, na ga kana murmushi kana jan carbinka. Wannan farin carbin da ka zo da shi tsaraba daga Makka, mai haske cikin duhu, da kai nake. Albarkar carbi tana ga abin da aka ja da shi, wannan ba ni da ja. Amma hasken, Allah ya ba ka haƙuri, na masana'anta ne. Kulle shi a akwati kwana uku, ka buɗe a ɗaki mai duhu. Ko ƙyalli ba za ka gani ba. Shanya shi a rana minti biyar ka koma ɗakin, sai ka ga ya farfaɗo. Shi ma bashi ya ci, irin na kunama, illa dai shi ba ya biya a take. An cuɗa robarsa da wani gari wanda ke da 'yan ramuka a tsarinsa. Ƙarfin hasken da ya haɗiya yakan faɗa ramukan ya maƙale, ɗumin ɗaki ne ke fito da shi kaɗan-kaɗan. In kana so ka kama shi dumu-dumu, tsoma shi a ruwan zafi cikin duhu: zai ƙara haske, ya kuma mutu da wuri, kamar mai bashin da aka tsare a kasuwa. Wannan shi ne fosforasans.

Mutumin ƙasar Zuru bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Ku ne fa masu golmo. A wani gari saurayi ya zube sadaki a zama ɗaya an gama. Naku kuwa ya shekara bakwai yana noma gonar surukai, damina bayan damina, kafin a ce ya biya. Kunama 'yar sadakin take ce, carbin Alhaji ɗan golmo.

Garin da aka daɗe ana cuɗawa a robar irin carbin nan na zinki ne da farar wuta da ɗan tagulla, shi ne mai saurin gajiya. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da wani na sitirontiyom wanda ya ninka shi haske wajen sau goma, yana kaiwa asuba. Asalin abin kuwa wajen baduku aka samo shi. Vincenzo Casciarolo, mai ɗinkin takalma a Bolonya ta Italiya, wajen 1603 ya gasa wani dutse yana neman zinariya. Zinariya ba ta zo ba, sai dutse mai shan rana ya yi haske da dare. Da a nan ne, da tuni an kewaye shi da zana ana karɓar kuɗin kallo.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To mu ina ruwanmu?" Ruwanka na jikin rigarka, malam. Farar shaddar da kake taƙama da ita ranar Juma'a, garin sabulun wanki ne ya bar mata sinadarin da ke shan ɓoyayyen hasken rana ya mayar da shuɗi-shuɗi, ido ya ce ta fi fari fari. Cocilar da kake zuwa masallacin asuba da ita ma, ƙwanta shuɗi ne, wani rawayan shafe a kansa ne ke mayar da hasken fari.

Wanda ya fi damuna shi ne na rumbu. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Da aka bi sawu sai aka tarar da gubar da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Afalatoksin sunanta, tana cin hanta har ta kai ga sankara. Da haskenta aka rarrabe ta: wadda ke shuɗi aka sa mata harafin B, mai kore aka sa mata G, daga sunayen launukan a Turanci. Har gobe da wannan ƙyallin ɗakunan gwaji ke auna ta. Kada dai wani ya ɗauki cocilar jabu ya haska buhunsa ya ce ya wanke shi, aikin na'ura ne. Haka majinar mai tarin fuka, akan rina ta da wani rini, ƙwayoyin cutar su yi ta ƙyalli a madubin likita kamar taurari. Wani Bajapane, Osamu Shimomura, ya ciro furotin mai koren haske daga wata halittar teku a 1962. A 2008 shi da wasu masana biyu suka karɓi kyautar Nobel, don da shi ake bin sawun abin da ke gudana cikin ƙwayar halitta tana raye. Mu ma ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin nan tun 2020. Ɗalibi ɗaya da cocila ɗaya ya isa ya ƙirga mana kunamun Dabai da Rikoto, ya faɗa mana watan da suka fi yawa.

Saboda haka Baba soja, ga sharaɗi. Ƙarshen watan nan, in duhu ya yi, bayan isha'i, ka same ni bayan gida. Ka sako kufta ko kada ka sako, amma takalmin aikin nan naka dole ne. Ba a haska cocilar a ido, ba a kuma kai hannu. In kunama ba ta yi kore ba, shayinka na wata guda a wuyana, har da ƙwai. In ta yi, a gaban mai shayi za ka janye maganar boko. Alhaji ya taho da carbinsa, zan dafa ruwan zafi.