Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga apt, Mai Unguwar Manhajoji

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne daga Unguwar Hajji a ƙasar Karaye, a madadin matasanmu masu raya tsofaffin kwamfutoci da Ubuntu.

Ba mu raina gogewarka ba. Tun 1998 kake kan buzu a gidan Debian, kuma da Mark Shuttleworth ya kafa Ubuntu a 2004, da kai ya taho. Mun san talakawanka ba su da daɗin sha'ani. Kowace manhaja da sharaɗinta take zuwa: wannan ba ta tarewa sai da wance, wancen ma sai sabon samfuri; waccan ta rantse in wance ta shigo, ita ta fita. Zaman kishiyoyi ke nan, kai ne mai sasanci.

To amma dubi takwarorinka. Shi npm ba ya son hayaniya: kowace sai ya gina mata ɗakinta da tukunyarta, ko da samfuri biyu ne na abu guda. Gida ya zauna lafiya, ma'ajiyar kwamfuta ta cika maƙil. Shi kuwa pip, tun ƙarshen 2020 ya koyi ja da baya: in sabon samfuri ya ƙi, ya sauko da na bara ya gwada, ya sauko da na bara waccan, data na ta zurarewa. Kai a wajenka yawanci samfuri ɗaya ne a gida. Ko wata ta haƙura, ko a sallami wata.

A nan kukanmu yake. Yaro ya kai kwamfuta shagon caji, ya sayi data, ya jira dare ya raba sabis ya yi ƙarfi. Sai ka ce akwai sharuɗɗan da ba a cika ba, wai shi ne ya riƙe karyayyun manhajoji. Wallahi, ranka ya daɗe, ban da linzamin kwamfuta babu abin da yaron nan ya riƙe.

Wani lokacin kuma ka jero sunayen waɗanda za ka kora, ka tambaya a ci gaba ko a fasa. A 2021 Linus Sebastian, shahararren mai bidiyon nan na Kanada, ya tashi ɗora manhajar Steam a kan Pop!_OS, ɗan'uwan Ubuntu. Ka gargaɗe shi, ya rubuta da hannunsa cewa ya ji ya gani, ka kwashe masa fuskar kwamfutar gaba ɗaya, ka bar shi da baƙin allo. Daga baya ka daina karɓar irin wannan rantsuwar, mun yaba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mun shafa wa namu ruwa.

Mun ji a 2025 ka zo da sabon salon sasanci, har kana rubuta sunayen masu fita da ja. Madalla. Saura ka riƙa faɗa mana a sarari wace ce ke faɗa da wace, kuma a kan me, in da hali da Hausa.

Mu kuma mun ɗauki alkawari: za mu sabunta jerin manhajoji kafin mu ɗora sabuwa, mu daina kwaso baƙi daga rumbunan da ba mu sani ba, mu karanta hukunci kafin mu danna Y. Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Wani ɗalibin kwamfuta, Unguwar Hajji