Masu Cin Nama da Masu Cin Suna

A kusa da birnin Orlando na jihar Filorida, cikin makeken filin shaƙatawar nan na Disney da ake kira Epcot, akwai wani tafki da aka kewaye da unguwanni 11, kowace da sunan wata ƙasa. Ga Meziko, ga Sin, ga Maroko da hasumiyarta, ga Faransa, har ka zagayo Kanada. Tun da aka buɗe wurin a 1982 mutane ke zagaya duniya a ƙasa cikin yini guda, su koma masauki da kumburarrun ƙafafu. To a unguwar Kanada, ƙarƙashin wani gini da aka kwaikwayo daga otal ɗin Château Laurier na Otawa, in ka ratsa lambun furanni ka gangara, za ka iske wata ƙofa. Nan ne gidan abincin Le Cellier. Ɗaki ne marar taga, duhu-duhu, bangon dutse, da bakan gizo kamar soron sarki, an yi shi ne ya yi kama da rumbun da Turawa ke ajiye ruwan inabi.

A da, layi ake bi da faranti a hannu kamar ɗakin cin abincin makarantar kwana. A 1997 aka mayar da shi gidan gasasshen naman sa, suna kuwa ya tashi har ya fi ɗakin girma. Tun daga lokacin ake gardama a kan tambaya ɗaya: shin naman ya kai yadda ake zuzuta shi? Gardamar ta ƙi ƙarewa, kuma ba za ta ƙare ba, domin in ka dubi teburan da kyau za ka ga kaɗan ne daga masu zaman suka zo don nama.

Fara da Maharbi. Shi wannan bawan Allah tun yana gida ya fara cin abincin. Ɗakin ƙarami ne, masu so kuwa kamar fari, don haka sai an kama gurbi tun da wuri. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce kwana 180 kafin ranar, wato wata shida cur. Yanzu an rage zuwa kwana 60. Ka yi tunani: mutumin da bai san abin da zai karya da shi gobe ba, ya san ƙarfe nawa zai ji yunwa a wata ranar Talata bayan damina. Yakan saita agogo ya tashe shi kafin ƙarfe 6 na asubar Filorida, ya zauna gaban kwamfuta da katin banki a hannu, yatsa a ɗane kamar mai jiran gada ta fito shan ruwa. In ya samu, har maƙwabta sai sun ji. Ranar da ya zo, da ƙirji yake shiga, yana duban waɗanda aka ce wa babu wuri irin duban da mai tikitin jirgi ke yi wa 'yan rakiya. Kada ka ɓata bakinka kana tambayarsa ko naman ya yi daɗi. Ko tafin takalmi aka gasa masa zai lumshe ido ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Wanda ya yi wata biyu yana ba mutane labari ba shi da hanyar komawa ya ce musu dama-dama.

Kusa da shi za ka ga Ɗan Bara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi kuwa wannan a bara ya kafa gida. Tun kafin ya zauna ya fara: ai da ba haka wurin yake ba. Da burodin ya fi ɗumi, da miyar ta fi kauri, da har kujerun sun fi sanin mutunci. Abin mamaki, yana da 'yar gaskiya. Disney na da wani tsari da baƙon otal ɗinsu zai biya kuɗin abincinsa a dunƙule tun daga gida, a ba shi maki, duk inda ya ci a cire ɗaya. Shekarun farko maki ɗaya ake cirewa a Le Cellier, daidai da wuraren da abincinsu bai kama ƙafarsa a tsada ba. Garaɓasa ke nan, kuma ita ce rabin abin da ya gina sunan. A 2011 aka ɗaga darajar wurin, abincin dare ya koma maki biyu. Naman bai canja kamanni ba, sa bai daina zama sa ba, amma a bakin Ɗan Bara tun ranar gishiri ya gudu. Duk shekara sai ya rantse wannan ne zuwansa na ƙarshe. Duk shekara kuma yana nan, a teburin kusurwa, yana sharɓar miya yana makokinta.

Ƙaninsa shi ne Akawu, wanda ba ya duban takardar abinci ta ɓangaren suna, sai ta ɓangaren farashi. In da maki zai biya, mafi tsada zai zaɓa, ko da cikinsa na roƙon a ba shi ganye. Ba ya son kayan zaƙi, amma tunda yana cikin lissafi sai ya tura shi da ƙyar, yana nishi, don kada kamfani ya ci ribarsa. Matarsa ta ce ruwa kawai take so, ya harare ta kamar ta yar da kuɗi a rijiya.

Ni wanda na fi ƙauna shi ne Ɗan Gudun Rana. Wanda bai san Filorida a watan Yuli ko Agusta ba zai ɗauka zafi ɗaya ne a duniya. Nata zafin jiƙaƙƙe ne, ya manne maka a jiki kamar rigar da ba ta bushe ba, ga hadarin la'asar da kan taso ba sallama. Mutumin nan tun safe yake tura keken yara, ya tsaya layi nan, ya tsaya layi can, ya ɗauki wannan a wuya, ya lallashi waccan. Da ya gangara cikin ɗakin nan mai duhu, sanyin na'ura ya buge shi, aka ja masa kujera, aka dire masa ruwa da ƙanƙara, shi ke nan, ya gama samun abin da ya zo nema. Sauran duk gyara ne. Za ka gan shi ya jingina da bango, wuƙa a hannu, ido na rufewa. In aka tambaye shi yaya abincin, zai ce madalla, kuma har zuciyarsa yake faɗa, sai dai in ka matsa masa ba zai iya tuna ko nama ya ci ko kifi ba. Yawancin yabon da ake yi wa gidajen abincin filayen wasa, ina zargin, ƙafafu ne ke yin sa, harshe ya ari bakinsu.

Sai Malamin Nama. Kowane gari da irinsa. Ya ci a Niyok, ya ci a Shikago, kuma ba zai bari ka gama tauna ba ka san haka ba. Kafin ya yanka sai ya danna tsokar da bayan cokali mai yatsu, ya kanne ido ɗaya, ya tambayi yarinyar da ke kawo abinci kwana nawa aka ajiye naman ya tsumu. In an kawo, ya tsaga tsakiya ya leƙa kamar likita. Ja ya yi yawa, ko ja ya yi kaɗan; daidai dai ba ta taɓa faruwa ba. Abin haushin, kamar Ɗan Bara, shi ma ba ƙarya yake yi duka ba. Abin da gidan ya yi suna a kai shi ne yankan da ake kira filet mignon, daga wata siririyar tsoka da ke kwance a jikin ƙashin baya, wadda sa ba ya wahalar da ita, shi ya sa take da laushi kamar hanta. Amma wannan tsokar ba ta da kitse sosai, nama kuwa kowane mahauci ya san a kitse daɗinsa yake. Don haka ake ɗora ta a kan wata shinkafa mai danƙo irin ta Italiya da aka dafa da laimar kwaɗi, a malale ta da romon man shanu. Haɗin yana da daɗi, babu ja. Malamin Nama zai gaya maka cewa a tafiyar ƙafa kaɗan, in ka fita ta ƙofar baya ta Epcot, akwai wani gidan nama mai suna Yachtsman a ɗaya daga otal-otal ɗin Disney, wanda ba sai ka sayi tikitin shiga fili ba. Wannan ma gaskiya ne. Abin da bai taɓa bayani ba shi ne me ya hana shi tafiya can.

Tunda maganar tikiti ta taso: ba ka isa ƙofar Le Cellier sai ka biya kuɗin shiga Epcot, wanda ya haura dala 100 a yini. Yankan naman shi kaɗai ya haura dala 50. Ga haraji, ga tukwicin ma'aikata, wanda a Amurka ya fi kusa da wajibi. In kun kai mutum 6 ma, kashi 18 cikin ɗari ake sa muku a takarda ba sai an yi shawara da ku ba. In ka kama gurbi ka ƙi zuwa ba sanarwa, a ciri dala 10 a kan kowane mutum daga katinka. Ga ra'ayina nama ne mai kyau, an iya gasa shi, ɗakin kuma yana da kwarjini. Sai dai sunan da aka tara masa, babu saniyar da Allah ya halitta da za ta iya ɗauka.

Mai Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗakin duhu ne, naman ruwan ƙasa ne, farantin ya huce yana neman haske. A ƙarshe ya haska fitilar waya a idon maƙwabta, ya samu wani hoto mai kama da dutse a cikin rijiya, ya aika wa duniya.

Akwai kuma 'Yan Miya, wata ɗarika mai zaman kanta. Su ba ruwansu da nama. Miyar cuku ta gidan suka zo sha, mai kauri, da wani burodi mai gishiri a baya da ake tsomawa ciki. Sukan nemi ƙarin burodi sau biyu, sau uku, har ma'aikaciya ta fara gane su. Manyan ɗarikar sun san wani sirri: lokacin bikin abinci da ake yi a Epcot duk kaka, akan sayar da miyar nan a wata rumfa a waje, har da ɗan yankin naman, ba kama gurbi, ba agogon asuba. Ka ci a tsaye, a kan murfin kwandon shara in ta kama. In kana so ka ga Maharbi ya canja fuska, ba shi wannan labari.

Yara kuwa, waɗanda aka ce dominsu aka zo, su ne kaɗai ba su san wurin yana da suna ba. Ɗaya ya yi barci da kunnuwan Mickey a karkace a kansa. Ɗayar ta ture komai ta ce taliya da cuku take so, irin wadda ake dafa mata a gida cikin minti goma. Uban ya dube ta, ya dubi takardar kuɗi, ya dubi rufin ɗaki.

Can ba a rasa Bakanade da ya yi tafiyar dubban kilomita ya zo ganin ƙasarsu. Ma'aikatan wurin galibi matasa ne 'yan Kanada, kowa da sunan garinsu a maƙale a ƙirji, shi kuwa aikinsa ke nan, karanta ƙirjin mutane yana tambaya ko sun san ɗan'uwansa. Zai nemi poutine, wato soyayyen dankali da curin cuku da romo, abincin da a Kebek ake saye a bakin hanya, ya ɗanɗana, ya yi shiru na ladabi irin nasu, ya ce ba laifi.

Jifa-jifa kuma sai ka ga namu. Alhaji ne da Hajiya, 'ya'yan da ke karatu ko aiki a can sun kawo su, ɗan ya yi wata biyu yana tanadin wannan dare. Alhaji mutum ne da ya girma a gaban tukuba, ya san balangu tun daga ƙamshi, ya san tsiren da aka yi wa rowar ƙuli. Farkon abin da ya yi daidai ne: ya tambayi abin da ke cikin miyar da kowa ke yabo. Aka ce akwai giya a ciki, akwai kuma naman alade. Ya ja kujera baya kaɗan, ya ce a'uzu billahi a hankali don kada yarinyar ta ji kunya. Sai ga faranti ya wuce zuwa teburin Malamin Nama, an tsaga, ciki ja wur.

"Hajiya, kin ga abin da na gani? Wannan ai ko ɗaukar likitan dabbobi aka yi zai iya tashi."

"Alhaji, don Allah ka rage murya."

"Abba, haka suke so," in ji ɗan. "In an gasa sosai sai su ce an ɓata shi."

"To su Allah ya ba su lafiya. Wa ya yanka?"

Nan fa ɗan ya fara sosa ƙeya, domin a duk lissafinsa na kwana 60 wannan tambayar ce kaɗai bai yi wa tanadi ba. Aka yi shawara, aka tsaya a kan kifi. Kafin a kawo, Alhaji ya karɓi takardar abinci, ya sa tabarau, ya ciro waya, ya fara juya dala zuwa naira. Hajiya ta san wannan shirun. Ta miƙa hannu ta kife wayar, amma ina, ya riga ya ga adadin, ya kuma riga ya mayar da shi raguna.

Kifin ya zo, kuma ya yi kyau. Alhaji ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zura hannu cikin aljihu ya fito da ɗan ƙullin yajin da ya raka shi tun daga gida, ya barbaɗa. Ƙamshi ya tashi. Ɗan Gudun Rana ya yi atishawa ya farka. Malamin Nama ya ɗago hanci, ya daure, ya sake daurewa, daga bisani ya karkato da kujerarsa ya tambaya cikin ladabi ko wannan wane irin haɗi ne, kuma a wane gida ake samunsa.

Alhaji ya ɗiba masa kaɗan a gefen faranti, ya ce wa ɗansa, "Gaya masa ba sai ya tashi da asuba ba."