Kowa da Malaminsa, Amma Duk Muna Wajen Bugum

Mu dai a Dungu ta Tamale, in ana batun addini ba mu yarda wani ya fi mu ba, in kuma aka buga ganga ba mu yarda a bar mu a baya ba. Wanda yake musu ya zo daren tara ga Muharram, watan da maƙwabtanmu Dagomba ke kira Bugum, ya tsaya bakin titin Kumasi ya kalli masu ɗauke da damin ciyawa yana ci da wuta. Zai ga yaron da ya kira sallar magariba. Zai ga ɗaliban likitanci na jami'ar UDS da ke nan cikin unguwarmu. Zai kuma ga dattijon da ya gama gaya mana da la'asar cewa abin nan ba shi da asali, yana tsaye daga gefe, wai jikansa ya fito nema. Duk shekara sai jikan nan ya ɓata, kuma duk shekara kusa da makaɗa ake nemansa.

Ba ma ganin laifin tsohon, don bikin kansa da neman yaro ya fara. Makaɗan lunsi, waɗanda tarihin Dagbon ke bakinsu, suna cewa ɗan wani sarki ne ya ɓata, aka kunna wuta aka bazama daji, aka tarar da shi yana barci gindin wata bishiya, aka jefi bishiyar da wutar don ita ta sace shi. Malamai kuwa, waɗanda a nan ake ce wa afa, sukan kai zancen ga ranar da jirgin Annabi Nuhu ya sauka. Mu ba ma zaɓa. Gaban malam jirgi ne, gaban makaɗi ɗan sarki ne. Mu kuma da kakanninmu suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, mun zo da namu cika-cikin, sai riba ta zama biyu: mu cika tumbi da tuwon zafi da sunan sabuwar shekara, sannan mu fita kallon wuta don abincin ya faɗa.

Abin ba yau ya fara ba. Tun wajen 1700, zamanin Naa Zangina, Musulunci ya shiga fadar Dagbon, kuma ta ƙofar fada ya shiga, aka shimfiɗa wa malam buzunsa kusa da makaɗi. Shekara ɗari uku ke nan suna zaune, ba wanda ya tashi. Shi ya sa Damba ba ta ba mu mamaki. Watan Maulidi ne, haihuwar Manzon Allah (SAW) ce ta kawo shi, ana yin Somo Damba, a yi Naa Damba, a rufe da Belkulsi. Amma ka je ƙofar Gulkpe Naa ko ta Dakpema, sarakunan garinmu, ka tambayi saurayin da ke juyi cikin fugu, rigar tana buɗewa kamar laima, me ake tunawa yau? Sai ya ce ka bari a gama kiɗa tukuna. Baƙonmu na Kano ya kalla ya girgiza kai, mu kuwa mu tambaye shi wa ke hawan Dala ranar Takutaha, na Daura mu tuna masa Sallar Gani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada a ɗauka ba ma faɗa. Muna yi, har da lasifika. Tun da Afa Ajura ya kafa masallacinsa a Sakasaka da makarantar Anbariya, ya ɗaura yaƙi da abin da yake kira bidi'a, Tamale ta rabu: ga 'yan Tijjaniyya da farin ƙyallen wazifa da ƙaunar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ga 'yan Anbariya da hadisi a baki. Afa Ajura ya rasu a 2004, muhawarar tana nan da ranta. Sai dai layin da ya raba mu ba a titi ya bi ba, ta tsakar gida ya ratsa. Baba yana jan carbi bayan asuba, ɗansa ya dawo daga Madina wando ɗangale, Inna kuwa tukunya ɗaya ta ɗora, ta ce wanda ya gama hujja ya zo ya wanke hannu. Ranar addu'ar arba'in ɗan zai ce shi ba ya zama ƙarƙashin rumfa, ba a yi haka zamanin sahabbai ba. Gaskiyarsa. Ƙanensa yake aikawa da kwano, ya ce a saka nama biyu.

Rumfar kuwa sai mun tare hanya da ita, mu jera kujerun roba, mata su fito da yayi iri ɗaya, ko suna ne ko amarya ko rasuwa. Mai keken yellow-yellow ya iso ya tarar ba hanya, ya fara faɗa, a miƙa masa waina, ya kashe inji ya ce Allah ya jiƙan rai, bai ma san suna ake yi ba.

Azumi kuma da nasa. Kowa na jiran sanarwa daga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a Ankara, amma kowa na da wani kawu a Saudiyya da ya riga ya bugo waya, da wani a ƙauye da ya rantse ya gani da idonsa. In wata ya tsaya, masallatan da ke kallon juna su kunna tafsiri lokaci ɗaya, ɗaya da Dagbanci ɗaya da Hausa, kai kana tsakiya kana jiran koko da ƙosai, ka kwashi rabin aya a nan rabin fassara a can. Goman farko sahu har waje. Goman tsakiya mu ce zafi. Goman ƙarshe muna wajen tela.

Komai namu a kan babur yake. Hajiya cikin hijabi, goyo a baya, buhun gero a gaba, ta wuce ka kana tafe. Ragon layya ma a zaune yake zuwa gida, tsakanin mai tuƙi da mai riƙo, ya fi kowa natsuwa.

Tun 2016 da aka fara kwasar alhazai kai tsaye daga filin jirgin Tamale, rakiya ta zama ibada ta daban. Mutum ɗaya zai tafi, unguwa guda ta bi shi, kowa da saƙon addu'a a baki da saƙon jallabiya a kunne. In Hajiya ta dawo, mu yi layi, mu durƙusa, a gaisa da Hausa a amsa da "naa", a ba kowa dabino ɗaya da kurɓin zamzam a murfin jarka. Jarkar lita biyar ce, mun gan ta ranar da aka sauke ta. Wata uku ana sha, baƙi daga Lamashegu da Aboabo da Yendi duk sun kurɓa, ba ta yi ƙasa ba. A garin da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, har yau babu wanda ya tambayi Hajiya ina take samun ƙari.