Masu Riƙe Wa Kawu Lissafi

Kawuna yana da shagon tireda a Sule Tankarkar. Da kaka yakan sayi riɗi da zoɓo ya ajiye, ran Alhamis kuma ya kora 'yan awaki zuwa kasuwar Maigatari. Ciniki dai ana yi, amma abin da ya hana shi barci shi ne bai san inda jari ya tsaya riba ta soma ba. Shi ya sa ya shiga neman akanta, ni kuwa na zauna a benci ina kallon masu zuwa.

Na farko ɗan ƙanwarsa ne, mai difloma. Littafinsa tsaf, jan biro da shuɗi, har da layi. Kullum aka tambaye shi sai ya ce, "Kawu, komai daidai." Daidai ɗin nan ne ya saya masa babur cikin wata shida. Korarsa kuwa sai da aka yi zaman dangi biyu, uwarsa ta yi wata uku ba ta gaishe da Kawu.

Sai Baba mai lissafin ka. Wannan ba ya cin kwabon kowa, kuma bai yarda da takarda ba, wai takarda gara ke ci. Yana iya gaya maka wanda ya karɓi sukari bashi lokacin ƙarancin takardun naira na 2023, da launin rigar da ya sa ranar. Matsalarsa ɗaya: da jaka yake ƙirga. A wurinsa jaka naira 200 ce, a bakin baƙinmu na Nijar kuwa sefa 1,000. Ranar da suka yi cinikin bunsuru da wani Badamagare, kowa ya ce "jaka" yana murmushi, har la'asar ba a rabu ba. Dillali ne kaɗai ya ci riba, don ya karɓi la'ada ta fuska biyu.

Akwai wanda ya zo daga Kano cikin kwat, a zafin bazara, da takardar shaidar ICAN a leda. Ilimi kam akwai shi. Ya yi bayanin harajin VAT na kashi 7.5, ya ce a yi wa shago rajista da CAC, ya nemi rasit na kowane buhu. Rasit a kasuwar ƙauye! Da ya faɗi kuɗin aikinsa, Kawu ya ce, "Yallaɓai, to ka karɓi shagon, ni ka riƙa biyana albashi."

Yaron POS bai daɗe ba. Komai yana cikin waya, wayar kuma kullum tana wurin mai caji.

Daga ƙarshe, da lokacin fitar da zakka ya yi, Malam ya ce ɗaya cikin arba'in ne, amma sai an san arba'in ɗin. Kawu ya shiga gida yana sosa ƙeya. Gwaggo, matarsa, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta lissafa masa buhunan riɗin da ke ɗaki, da masu bashi gida-gida, da dubu talatin ɗin da ya ranta daga adashinta ya manta.

"Hajiya, ina kika rubuta duk wannan?"

"A ina zan rubuta, Alhaji? Ka dai fara biyan nawa."