Fanka da Lagireto: Maƙwabtan da Ba a So Su Gaisa

Na san halinku. Da kun ga an ce za a yi magana a kan tazarar da ke tsakanin fanka da lagireto, sai ku ce wannan malami ya rasa abin rubutawa. To, ku yi dariyarku ta ishe ku, sannan ku matso mu buɗe bonet ɗin Mini. E, ita dai, 'yar motar nan ta Mista Bin da kuke kallo kuna ƙyaƙyatawa.

Bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 fetur ya yi wuya a Ingila, sai kamfanin BMC ya sa injiniyansa Alec Issigonis ya ƙera mota mai tsimin mai. A 1959 ya fito da ita: tsawonta ƙafa goma kacal, amma tana ɗaukar mutum huɗu. Yaya aka yi? Ya ba fasinja kusan duk filin, ya bar wa inji ragowa. Ya gicciye injin, ya tura giyabos ƙarƙashinsa suna shan mai ɗaya. Da aka zo kan lagireto, gaba babu wuri, sai aka maƙale shi a gefen hagu, dab da taya.

Alhaji mai Corolla, na ji ka. Ka ce fanka ai fanka ce, iska take zuƙowa daga gaba. A taka motar haka ne. A Mini kuwa iska ta gaba take shigowa, ta zaga inji, sannan fanka ta tura ta cikin lagireto, ta fice ta ramin tayar hagu. Wato iskar da za ta sanyaya ruwa ta riga ta sha ɗumin inji kafin ta iso. Motar da aka ƙera haka ba ta da rarar da za a yi wasa da ita.

Ga wanda ya kwance tsohuwar Mini yana sake haɗawa, a nan gizo ke saƙar. Lagireton ba a jikin mota yake ɗaure ba, a jikin inji yake: ƙarfe ɗaya ya riƙe shi ta sama, ɗaya ta ƙasa. Fanka tana kan famfon ruwa, tana juyawa cikin wani zagayayyen murfi da ke tattara iska. Gabanta lagireto, bayanta inji, gefenta murfi. Zaman ya yi kama da na mutum huɗu a kujerar bayan tasi, kowa ya motsa sai ya taɓa wani.

Sai Oga bakanike ya ce, "Malam, ai da ido muke gwadawa." Allah ya ƙara wa idon haske, Oga. Amma idon ya gaya maka cewa inji mai cc 1275 ya fi mai cc 850 da mai cc 998 tsayi? Mutane da yawa suna cire ƙaramin su dasa babban, su mayar da tsohon ƙarfen sama. Lagireto sai ya karkace, bakin fanka ya fara kartar murfi. A wasu injinan kuma akwai wani ɗan gwangwanin shaƙar iska a kan murfin sarƙar inji, daidai bayan fanka. Don kada ta buge shi, ana sa mata ɗan faifai a baya ya turo ta gaba. Ka manta faifan, ta ci gwangwani. Ka sa mai kauri, ta nufi lagireto. In kuma ka sayo lagireto mai kauri don ka ji ana cewa ya fi sanyi, to kaurin nan daga wani wuri zai ci fili.

Hajiya ta ce, to a nesanta su mana a huta. Ranki ya daɗe, da haka ne da an huta tun 1959. Fankar da ta fice daga cikin murfinta iska take watsarwa ta gefe, kaɗan ke ratsa lagireto, allurar zafi ta kama hawa a cunkoson motoci. Kusa a yi ɓarna, nesa a tafasa.

Ga wata da nake so ku yi gardama a kanta. Idan aka ɗaura fanka a juye, iska ba ta komawa baya. Hanyarta ɗaya take bi, ƙarfinta ne ke raguwa, domin lanƙwasar fukafukan ta kalli inda bai dace ba. Mai mota ya sa hannu ya ji iska na fita, ya rantse komai daidai, ya tafi yana canza famfo da fambel a banza. Kwarmin fiffike shi ya kamata ya fuskanci lagireto.

Maganin duk wannan bai kai kuɗin shayi ba. Kafin a tayar da inji, a sassauta fambel, a juya fanka da hannu ta zagaya sosai, a kasa kunne. A duba kowane fiffike, domin ɗaya ma ya isa. A girgiza injin a ga ko robobin da ke riƙe shi sun mutu, tunda lagireto na bin sa duk inda ya yi, yana iya dukan jikin mota. Notocin murfi kuma kada a ɗaure su tamau sai an daidaita fanka a tsakiya.

Kada ku raina Mini don wannan matsi. Da shi ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, aka ƙera sama da miliyan biyar kafin a daina a 2000. Sai a 1996 masu ƙera ta suka mayar da lagireton gaba.

Ku kuma masu Bitil da kuke ta washe baki wai taku ba ta da lagireto, mun ji. Ku bari fambel ɗinku ya tsinke a tsakiyar hanya, sai ku dawo mu ƙarasa hirar. Shi kuwa Oga mai gwadawa da ido, ya tanadi bokiti, ruwan da zai tsiyaye kada ya tafi a banza.