Turaren wuta ba ya wanke bututu

Da zarar sinkin kicin ya fara wari, abin da uwargida take fara yi shi ne kunna turaren wuta. Sai ƙamshin turare da warin miyar kukar makon jiya su haɗu a ɗaki ɗaya suna gaisawa.

Shi sinki bai ci komai ba. Kitse da man ja da ƙanzon tuwo ne suke gangarawa cikin bututu, su daskare, su ruɓe abinsu hankali kwance. Akwai kuma wata lanƙwasa a ƙarƙashinsa mai riƙe ɗan ruwa don tare iskar kwata. In an yi doguwar tafiya ruwan ya ƙafe, ko mai gyaran famfo ya ga lanƙwasar asarar kuɗi ce ya miƙe bututun, to kwata ta samu ƙofar shiga gida ba sallama.

Maganin warin shi ne a zuba hodar soda a bututun, a bi ta da ruwan lemun tsami, sannan ruwan zafi da sabulu. In warin ya ƙi tafiya, a kwance lanƙwasar a wanke, bokiti a ƙasa, hanci a toshe. Amma kada a gauraya Hypo da ruwan tsami, don iskar da za ta tashi guba ce, har sai mutum ya yi kewar warin farko.